Ranar da A-Daidaita-Sama Ya Kwanta Dama

Tun da na dawo daga Rasha bakina bai huta ba. Na shiga shagon Hajiya Memuna da ke bayan Fordham Road a nan unguwar Bronx ta New York in sayi daddawa, tambaya. Na je masallaci ranar Juma'a, kafin in gama neman takalmina an kewaye ni. Har matar da muke karɓa-karɓar aiki da ita a gidan tsohon da nake jinya, wadda ko "sannu" ba ta sani ba, sai da ta riƙe hannuna ta ce ta ji jirgina ya faɗi. Jama'a, jirgi bai faɗi ba. Kamfanin jirgin ne ya faɗi, jiragen suna ƙasa lafiya lau, ni ma ga ni. Na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya da hannuna, mai tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Abin da ya kai ni shi ne ƙanena Sagir. Ya gama karatun likita a wani gari da ake kira Astrakhan, can kudancin Rasha, bayan shekara shida. Ni na goya shi, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ce tsaye a kansa. Ummanmu tana Zariya, ba ta da halin zuwa, na kuwa rantse ba za a kira sunan Sagir a gaban jama'a ya waiga ya ga babu nasa ko ɗaya ba. Na sami biza, na sayi tikiti: tafiya Talata, dawowa Larabar makon gaba da yamma.

Sai da na gama shiri tsaf takardar da na yi shekara goma sha ɗaya ina jira ta iso. An sa min ranar rantsuwar zama 'yar ƙasar Amurka, Alhamis, ƙarfe tara na safe, wato washegarin dawowata. Ba shuɗin fasfo ne ya dame ni ba. Sai na zama 'yar ƙasa ne zan iya cika wa Umma takardun zuwa, ita kuwa idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun yana bin sa a hankali. Likitan ido a nan ya duba takardunta ya ce in ta zo da wuri ana iya ceto na hagun. Lauyata kuma ta ce wanda bai je rantsuwa ba sai ya rubuta uzuri ya koma jiran wata rana, babu mai ce masa ga watan da za a kira shi.

Abban Hanifa, maigidana, ya juya takardar gaba da baya.

"Rabi, kwana ɗaya fa tsakani. One day. In aka yi delay fa?"

"Jirgi ne fa, ba motar kasuwar ƙauye ba," na ce.

"To. Allah ya kiyaye hanya." Duk wadda ta yi aure ta san irin wannan "to" ɗin.

Hajiya Memuna kuwa 'yar Kumasi ce, masu Hausar nan da mace da namiji duk "ka" ne. "Ei Rabi, Russia kuma? Mi ka bari can? Sanyi zai kashe ka kraa!" Na ce mata lokacin zafi ne, ba ta yarda ba. Ta cusa min rigar sanyi da kwalba biyu ta shito, barkonon nan nasu mai mai da kifi, ta ce in kai wa dokta. Na haɗa da kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, akwati ya yi nauyi kamar an jera masa bulo.

Daga New York zuwa Mosko babu abin faɗi. Babban jirgi ne, na ci, na yi barci, na tashi ƙafafuna sun kumbura. Labari ya fara ne a wurin shige da fice. Matar da ke cikin akwatin gilashi ta karɓi koren fasfona, ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Na yi mata irin murmushin da muka koya a New York, wanda ake yi wa kowa ba sai an san shi ba. Ko gezau. Ta yi min alama in janye hijabi ta ga kunnena, ta ga kunnen, ta ɗaga waya ta kira wani, shi ma ya zo ya ga kunnen. Na fi rabin awa a tsaye kafin ta buga hatimi ta miƙo min wata 'yar takarda kamar rasidin kanti. Saura kaɗan in jefa ta a kwandon shara, ashe in babu ita babu fita daga ƙasar. A wurin kwastan kuma kare ya zo ya shinshina akwatina, ya kai hanci wajen daddawa, ya yi atishawa ya ja da baya. Mai riƙe da shi ya dube ni da wani irin tausayi ya ce in wuce.

Sagir yana waje yana jirana. Na rabu da shi siriri, ga shi ya yi gemu, yana yi wa direban tasi magana da wani yare kamar ana tauna guringuntsi. Na rungume shi na yi kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Daga nan muka koma wani filin jirgin don zuwa garinsu. "Yaya, yau za ki hau A-Daidaita-Sama," ya ce. Sunan da ɗaliban Kano suka raɗa wa wani kamfanin jirgi mai araha ke nan, ya kuwa bi shi, har ɗaliban Indiya suna faɗa ba su san ma'anarsa ba. Aka ce mana jirgi zai makara awa huɗu, don haka na sami tarihinsa kaf.

Lokacin da Sagir ya zo ƙasar, mai son zuwa Mosko daga garinsu sai ya kwana ya wuni a jirgin ƙasa, domin jirgin sama na manya ne. A shekararsa ta uku kamfanin nan ya ɓullo da 'yan jiragensa na haya, fentinsu kamar takardar alewa, tikiti kuwa wani lokaci bai kai kuɗin takalmi ba. Mutane suka ce ƙarya ce, sannan suka gwada, sannan suka ruɗe. Ɗalibi ya je ofishin jakadanci da safe ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Tsofaffin da ba su taɓa ganin gajimare ta sama ba suka fara kai wa jikoki ziyara da kwalaben kokwamba. Kusan duk wata sai a ji kamfanin ya ƙara sabon gari, hotunansa a jikin kowace bas. "Har samari sun daina cewa nisa ne ya hana su zuwa zance," in ji Sagir.

"To yanzu me ya zaunar da mu awa huɗu?"

Ya sosa gemu. Ya ce tun bara abin ya fara sauyawa. Man jirgi ya yi tsada, manyan kamfanoni suka sauke farashi don su shaƙe shi, masu shi kuma an ce ba sa ga maciji da juna. Waɗanda suka ba su hayar jirage suka fara karɓe abinsu ɗaya bayan ɗaya, jirgi guda ya koma yin aikin uku. "Amma kar ki damu, Yaya, makara kawai suke yi. Ba su taɓa fasa tashi ba." Na sa muka sake duba kwanakin tare: dawowa Mosko Talata da safe, jirgin New York Laraba da rana. Ko sun makara wuni guda ina da sarari. Na kwantar da hankalina.

Sunan nan dai bai zalunce su ba. A sikeli aka ce akwatina ya wuce ƙa'ida, Sagir ya buɗe shi a tsakiyar jama'a ya fara rataya min kaya. Na sa rigar sanyin Hajiya Memuna a kan atamfa, aljihuna cike da kuka da yaji, ana zafin da ya fi na Bronx a watan Yuli. Tikiti babu lambar kujera. Ana buɗe ƙofa na ga Turawa, har da masu tabarau da jakar ofis, sun zuba a guje kamar an hango motar ƙarshe a tashar Kwangila ta Zariya ranar jajibirin salla. Nan na ji na zo gida. Na tattare zani, na sa gwiwar hannu, na samo mana kujeru biyu a gaba. Ruwan sha ma sai an saya. Da muka sauka kowa ya hau tafi, na tambayi Sagir ko mun tsallake wani abu ne ban sani ba, ya ce a'a, haka suke gode wa matuƙi. Na yi hamdalata, sannan na taya su.

Sagir ya kama min ɗaki a gidan wata dattijuwa Musulma 'yar ƙabilar Tatar, kusa da masallaci. Tun daga ƙofa ta nuna min in cire takalmi, na ce yauwa, ga mutanen kirki. Amma da na miƙa mata hannu ina waje tana ciki, sai ta fizgo ni da ƙarfi. Ashe ba a gaisawa a kan dokin ƙofa. Na tuna yadda ake korar mu daga zama a dokin ƙofa muna yara, na ce ashe kowa da irin nasa. "Mama" na kira ta, ya kuwa zauna daram, domin su ma haka suke cewa. Ku riƙe wannan, shi ne ya yaudare ni.

Abincinsu ba laifi, sai dai ba shi da faɗa. Akwai miya ja jawur wadda ba barkono ne ya ja ta ba, a ɗora mata kindirmo a kai. Akwai wani ganye siriri da suke barbaɗa wa komai, ina jin da za ka tsaya shiru a kicin kai ma za a barbaɗa maka. Busasshen kifi kuwa garin ya yi suna a kansa, sai dai su ba miya suke yi da shi ba, buga shi suke a gefen tebur su ɓare su ci haka nan da gishirinsa. Na ba Mama shito ta lasa a bakin cokali, ta sha shayi kofi uku tana share hawaye, washegari ta ce in ƙara mata.

Ranar Asabar aka yi bikin. Zan gajarta, don in na fara ba zan gama ba. An kira sunansa, an murɗe shi yadda ko mahaifinmu ba zai gane ba, ya tashi cikin farar riga, ya waiga, ya gan ni. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗakin taron nan har wani farfesa ya zabura. Na ɗaga waya sama Umma ta ji tafin daga Zariya. Wannan kaɗai ya isa ya wanke min wahalar hanya.

Talata da safe Mama ta sa muka zauna a kan akwati shiru na minti ɗaya kafin mu fita, wai al'adarsu ce don hanya ta yi kyau. Na zauna, na karanta addu'ar tafiya a zuci. Muka isa filin jirgi ƙarfe bakwai, muka tarar da jama'a cirko-cirko a gaban kantar A-Daidaita-Sama. Babu layi, babu mai auna kaya, sai farar takarda guda da aka manna da salatif. Sagir ya karanta, ya sake karantawa, bai juyo ba.

"Awa nawa?" na ce.

"Yaya, ba makara ba ce. An dakatar da su. Daga yau babu kamfanin."

Na hau shi da faɗa, yaya za a yi kamfani ya mutu da tikitina a hannu, kamar shi ya kashe shi. A bayan kanta akwai wata mata cikin rigar aikinsu mai launin alewa, mutane sun yi mata caa, ita ma kuka take. Sagir ya ce gaya musu take yi ita ma a wayarta ta gani tana cikin bas, ta dai ƙaraso ne don ba ta san inda za ta nufa ba. Haushin da na ɗebo zan sauke mata sai ya rasa wurin zama.

Muka bi sauran kamfanoni, babu kujera sai Asabar. Jirgin ƙasa na garin ya cika tun asuba, kuma ko da akwai wuri, sai bayan jirgina ya tashi zai isa Mosko. Sagir ya yi ta latsa waya, can ya ce saura hanya ɗaya. Akwai jirgin ƙasa da zai tashi daga wani gari, Volgograd, ƙarfe biyar na yamma, ya isa Mosko Laraba da hantsi, kuma da sauran gurbi kaɗan. Volgograd ɗin tafiyar awa shida ce a mota, bas ta riga ta tafi, 'yan tasi kuma an wawashe su. Tara ta wuce. Na tsaya a bakin filin jirgin nan ina ganin idon Umma, ina jin "to" ɗin Abban Hanifa a kunnena. Tsoro na ji, tsoro sosai, ga haushin kaina.

Sagir ne ya hango su. Wani tsoho ƙaƙƙarfa mai farin gashin baki yana mayar da kaya cikin tsohuwar mota, matarsa gajera mai ɗankwali tana ba shi umarni. Ya kawo ta ne za ta Mosko ganin 'yarsu da ta haihu, yanzu kuma zai kai ta Volgograd ta kama jirgin nan. Kujerar baya cike take da kifi da kwalabe, amma in an matsa mutum ɗaya zai shiga. Sagir ya je ya yi ta bayani, yana nuna ni, yana nuna agogo. Tsohon yana saurare fuska a ɗaure, ya kalli akwatina, ya kalli tayarsa. Na ga kamar ya fara saukowa, na ce bari in taimaka da nawa bakin.

Na matsa, na rusuna har ƙasa yadda aka koya mana, na dafa ƙirji. Tsohon da nake jinya a Bronx Bature ne, "Baba" nake ce masa, har shi ma ya fara kiran kansa haka. Don haka ban yi wani tunani ba.

"Baba," na ce. "Baba, please. Don Allah, Baba."

Fuskar mutumin nan ta yi ja tun daga wuya har kunne. Ya faɗi wata kalma guda, ya buga murfin but da ƙarfi har kwalabe suka amsa. Matarsa kuwa ta dubi mijinta da gashin bakinsa, ta dube ni a durƙushe, ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofar mota.

"Innalillahi! Yaya, me kika yi?" in ji Sagir.

"Me na yi? Girmama shi na yi!"

"A nan baba mace ce! In kika ce wa namiji baba, kin ce masa ragon banza, ba namiji ba. Sau uku kika faɗa!"

"Shekara shida kana garin nan ba ka gaya min ba?"

"Wallahi na manta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya faɗa mota ya tayar da inji. Sagir ya bi shi taga yana rantse-rantse, yana bayanin cewa a yarenmu uba ke nan, ko kallonsa bai yi ba. Matar ce ta share hawayen dariya, ta zo ta kama hannuna ta ɗaga ni, tana bubbuga kafaɗata tana faɗin wasu kalmomi masu taushi. Daɗi ya kama ni, na ce ga wadda ta fahimce ni. Na riƙe hannunta biyu, na dubi furfurarta, na ce da dukan zuciyata:

"Na gode, Kaka. Thank you, Kaka."

Dariyarta ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Sagir ya zauna a kan akwatina ya rufe fuska da hannu biyu. Sai muka ji wani sauti daga cikin mota kamar inji ya shaƙe. Tsohon ne. Ya kifa kai a sitiyari yana dariya, yana dukan cinya, yana nuna matarsa yana maimaita kalmar. Ba sai da tafinta ba na san na sake tafka wata, amma na tambaya.

"Abin da yaro yake yi a fo," in ji Sagir ta tsakanin yatsunsa. "Shi ne kaka."

Ban san abin da ke tsakanin mata da mijin nan a shekarun da suka yi tare ba, amma na ga an yi kunnen doki. Shi ya sha nasa, ita ta sha nata. Ta harare shi, ta harare ni, sannan ita ma ta sake fashewa. Ya fito yana goge ido, ya buɗe but, ya ɗaga akwatina da hannu ɗaya ya cusa, ya ɗaure murfin da igiya. Ya ce wa Sagir wani abu.

"Ya ce ki shiga, amma don Allah kar ki sake girmama kowa har ku isa."

Kafin mu tashi Sagir ya kama min gurbi a jirgin ƙasan ta waya, ya rubuta min sunayensu a takarda: Anatoli Petrovich da Galina Ivanovna. Wai ladabi a wurinsu shi ne ka kira babba da sunansa tsaf, ka haɗa da na ubansa. Ni da har yau ban taɓa faɗin sunan mijina a gaban mutane ba, aka ce in kira sa'an mahaifina gatsal. Sai da na yi istigfari a zuci kafin sunan ya fito. Babu wurin Sagir a motar, a nan muka yi sallama a gurguje, ba irin wadda na shirya ba. Ya ce, "Ki kira ni duk inda kika tsaya." Na ce, "Ka riƙa cin abinci." Abin da ya zo bakina ke nan.

Awa shida na yi da damin kifi a cinya. Anatoli Petrovich yana tuƙi irin na direbobin Zariya zuwa Kano, in ya tuna sai ya saci kallon matarsa ya yi dariya shi kaɗai, ita kuma ta rama da nasa sunan. Da azahar ta yi na nuna masa sama na ɗaga hannuwa, ya gane. Ya tsaya gefen masu sayar da tumatir, ya ba ni ruwan gora na yi alwala, ya koma nesa ya juya baya har na idar. Ɗan sanda ya tsayar da mu sau ɗaya, ya juya fasfona, ya juya 'yar takardar nan ta shige da fice, ya leƙa kifin, tsohon ya yi masa doguwar magana yana nuna agogo, ya sake mu. Mun shiga tasha saura minti ashirin. Na buɗe jaka zan yi masa ihsani, ya ɓata rai fiye da na farko, na rufe da sauri. 'Yar robar yajin da nake yawo da ita na ba shi, ita kam ya karɓa da hannu biyu.

Taragonmu irin na talakawa ne, babu ƙofa, gadaje sama da ƙasa kamar ɗakin kwanan 'yan makaranta, ƙafafun mutane suna leƙowa hanya. Kowa ya sauya zuwa kayan shan iska da silifa, ya baje abinci a tebur. Gadon sama aka ba ni, Galina Ivanovna ta yi wa wani ƙato kallo ɗaya ya bar min na ƙasa. Ta ɓare min ƙwai, ta janye naman da ta ga ina kauce masa ba tare da na ce komai ba. Muka yi hira da hotuna da wayar da ke fassara rabi ta cinye rabi. Na nuna mata Umma, na rufe idona ɗaya da hannu, na nuna ɗayan. Ta daɗe tana kallon hoton.

Ita kuma ta zaro wani tsohon tikiti daga jakarta, na kamfanin nan da ya mutu. Shi ne hawanta jirgin sama na farko, ta riga ta haura sittin. Ta ce kafin zuwansu sau ɗaya a shekara take ganin 'yarta, da suka zo ta koma zuwa duk bayan wata biyu. Na zaci zaginsu za ta yi kamar yadda na wuni ina yi. Sai ta ce, in ji wayar, "Sun yi ƙoƙari, sun gaji." Ta ninke tikitin ta mayar. Ni dai ban yafe musu a lokacin ba, amma na daina zagin.

Mun shiga Mosko da makarar minti arba'in. 'Yarta da jariri suna jiranta a wani gefen gari, amma matar nan ta kama hannun akwatina ta ja ni zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, matakala mai zurfi kamar za a shiga rijiya. Tana ture mutane da kafaɗa ina bin ta, ba ta sake ni ba sai da ta saka ni a jirgin da ke zuwa filin jirgin sama. A bakin ƙofa ta sumbace ni sau uku a kumatu, ta tura min kifi guda a jaka. Na kira sunanta da na ubanta daidai, babu gargada, ta ɗaga min babban yatsa. A filin jirgin ina cikin na ƙarshe da aka karɓi akwatinsu. Na zauna a kujerata na ɗaura bel, muka tashi. Kifin kuwa 'yan kwastan na New York ne suka gaje shi.

Abban Hanifa ya zo ɗaukata. "Sannu da hanya," ya ce, ya sauke gilasan motar duka huɗu saboda ƙarni.

Alhamis ƙarfe takwas muna bakin ginin da ake rantsuwar. Na ɗaga hannun dama tare da mutanen ƙasashen da wasu ko sunansu ban taɓa ji ba, na maimaita abin da aka ce, aka ba ni takarda da 'yar tuta. Na zaci zan yi kuka, ban yi ba. Sauƙi kawai na ji, kamar na sauke tulu daga ka, wuyana ya yi sakayau.

A bakin titi na kira Zariya. Umma ba ta san komai game da kamfanin jirgi ba, mun haɗa baki da Sagir mun ɓoye mata.

"Umma, an yi. Na yi rantsuwar. Yau ɗin nan zan cika takardunki."

Ta yi hamdala sau uku, a hankali.

"Rabi, muryarki ta gaji," ta ce. "Je ki kwanta. Na jira shekara goma sha ɗaya, zan iya jira ki tashi daga barci."

A nan kukan ya zo, a tsaye a gefen titi, da tuta a hannu, mutane suna kauce min. Na ce mata to. Muka koma gidanmu da ke University Heights, na cire takalmi, na zauna a teburin kicin ko hijabi ban cire ba. Ban kwanta ba sai da na cika su duka, tun daga sunanta har zuwa sa hannuna.